Takobin da Akagi Ya Ba Nanba Ajiya

Ya 'yan uwa, a nan ƙasar Okayama, a wani gari da ke bakin kogin Yoshii, an taɓa yin wani mutum da ake kira Malam Nanba. Sana'arsa duba tsofaffin takubba.

Allah ya ba shi ido. In aka miƙa masa takobi, zai ɗaga shi wajen haske, ya bi zanen da wuta ta bari a bakin ƙarfen da kallo, ya faɗi maƙerin da ya ƙera shi da zamanin da aka ƙera shi, tun ba a cire ƙota an karanta sunan da ke gindi ba. Da wuya ka ji ya yi kuskure. In ya buga hatiminsa a takarda ya ce takobi na gaske ne, to a wajen gwanjo babu mai ƙara tambaya, daga Osaka har Tokyo.

Duk ƙarshen wata masu sha'awar takubba sukan taru a wani ɗaki da ke saman gidan abinci. A shimfiɗa jan ƙyalle, a jera takubba biyar, kowa ya duba ya rubuta sunan maƙerin da yake zato. Nanba ne ke cinyewa. In an tashi, su sauko ƙasa su ci gasasshen kifi da shinkafa, ana ta tsokanarsa, yana dariya. Mutum ne mai jama'a a lokacin. Ku riƙe wannan.

Allah bai ba shi haihuwa ba. Daga shi sai matarsa Sumie, mace mai shiru, mai tsaftar gida. Sai kuma amininsa Akagi, manomin inabi, wanda suka taso tare tun suna firamare.

A gidan su Akagi akwai wani takobi na kakanni. Shekara da shekaru Nanba yana roƙonsa ya bari ya gani, Akagi yana cewa kayan iyaye ba na kasuwa ba ne, balle a yi masa farashi. Mutum ɗaya kaɗai wanda ba ɗan gidan ba ya taɓa zare shi, wani tsoho mai wasa takubba da ake kira Kurozumi, wanda ya goge shi sau ɗaya tun mahaifin Akagi na da rai.

Ran nan da hantsi, cikin damina, sai ga Akagi ya tsayar da 'yar motar gonarsa a ƙofar gidan Nanba. Ya fito rungume da wani dogon abu cikin jakar alharini.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kai mai idon mujiya, fito ka karɓi kaya!"

Nanba ya leƙo ya ce, "In inabin nan naka ne mai tsami, koma da abinka."

Akagi ya zauna a bakin dandamali, yana numfashi da ƙyar. Ya ce, "Ranar Talata likita zai tsaga ni. Gida ba kowa, rufin ɗakin ajiya kuma yoyo yake. Riƙe mini wannan. In na fito, na zo na karɓa. In ban fito ba, na Chizuru ne."

Chizuru ita ce 'yarsa tilo, tana aikin jinya can Sapporo, wani gari mai tsananin sanyi a arewa mai nisa.

Nanba ya ce, "Daina wannan zance, tsohon banza. Irinku ba sa mutuwa da wuri. Tsaya in rubuta maka takarda."

Akagi ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Takarda? Tsakanina da kai?"

Ya sha shayin da Sumie ta kawo, ya tashi ya tafi. Bai fito daga asibitin nan da rai ba.

Bayan jana'iza da kwana uku, Nanba ya wanke hannu, ya kwance jakar, ya zare takobin daga farin kubensa na itace. Ya cire ƙota ya karanta sunan. Aikin wani babban maƙeri ne na wannan ƙasa, wanda ya rayu shekara ɗari bakwai da suka wuce. Nanba bai taɓa ganin aikinsa ba sai ta bayan gilashi a gidan tarihi. Yau ga shi a tafin hannunsa, babu tsatsa ko ɗigo.

Ya 'yan uwa, kun taɓa jin Shaiɗan ya zo wa mutum ya ce masa, tashi ka yi sata? Ba ya zuwa haka. Abin da ya ce wa Nanba shi ne: me yarinyar nan ta sani? Za ta jefa shi bayan kabad ne, sanyin Sapporo ya cinye shi. Kai ne ka san darajarsa. Ba ɗauka za ka yi ba, tsare shi za ka yi.

Kwana arba'in da wani abu yana jin wannan murya. Har ta daina yi masa kama da baƙuwar murya, ta koma kamar tasa.

Da aka yi addu'ar kwana arba'in da tara, Chizuru ta zo gidan cikin baƙaƙen kaya. Nanba ya riga ya shirya. Ya ɗauko wani takobi na zamanin yaƙin duniya, irin waɗanda inji ya buga da yawa, ya sa shi a farin kube, ya zura a jakar Akagi, ya haɗa da katin rajistarsa. Na gaskiyar kuwa ya ƙona katinsa, domin lambar tana rubuce da sunan Akagi a wajen hukuma.

Ya ajiye jakar a gabanta da hannu biyu. Har ya zauna ya koya mata yadda ake goge ƙarfe da lallausar takarda, da yadda ake shafa masa man kanumfari.

Ta sunkuya har goshinta ya taɓa tabarma. Ta ce, "Baffa, ban san da bakin da zan gode maka ba. Baba ya ce in dai kana raye, ban rasa uba ba."

Da ta fita, Sumie ta zo kwashe kofuna. Ba ta dube shi ba ta ce, "Malam, wancan ba shi ba ne."

Ya ce, "Ke me kika sani game da takobi?"

Ta ce, "Ban san takobi ba. Amma ni na ɗinke bakin jakar nan ranar da ya kawo ta, da ƙyar ta rufu. Yau kuwa har da saura aka naɗe."

Ya ce, "Je ki duba tukunyarki."

Ta tafi. A nan ne Allah ya buɗe masa ƙofar farko ta tuba. Jirgin Chizuru bai ma tashi ba. Da ya bi ta tasha ya ce, 'yata, na yi kuskuren jaka, da magana ta ƙare a nan. Bai je ba.

To, ya samu abin da yake so. Amma me ya samu?

Ku da kuka san masu tara irin waɗannan kaya, kun san daɗin abin ba a mallaka yake ba, a nunawa yake. A kira abokai, a zare, a yi shiru, sannan wani ya ja dogon numfashi. Nanba yana da takobin da ya fi na kowa a ƙasar nan, amma ba shi da ikon nuna wa ko mutum ɗaya. In labari ya kai kunnen tsoho Kurozumi, kallo ɗaya zai yi ya gane.

Sai ya sa kwaɗo a ɗakin ciki. Ya daina gayyatar kowa gida. Da Kurozumi ya biyo wata rana ya gaishe shi, a ƙofa ya tsayar da shi, ya ce ana gyaran tabarmi. Taron ƙarshen wata ma ya fara tsallakewa, domin duk sanda wani ya ce, "Malam, ba ka samo wani sabon abu ba?" sai ya yi sauri ya kawar da zancen. Daga baya ya daina zuwa gaba ɗaya.

Chizuru ta ba maƙwabci gonar mahaifinta yana nomawa, ta kuma roƙe shi duk shekara in inabi ya nuna ya kai kwali ɗaya gidan Baffa. Kwalin yakan zo da 'yar wasiƙa. Nanba bai taɓa iya sa ƙwaya ɗaya a bakinsa ba. Sumie ce ke raba wa maƙwabta.

Sau uku Sumie ta sake yi masa magana cikin shekara uku. A na ƙarshe ta ce, "Malam, ni ce ke amsa wayar yarinyar nan. Ni ce ke ce mata kana lafiya, kana gaishe ta. Na gaji da yi maka ƙarya."

Ya ce, "Wa ya sa ki?"

Bayan mako guda ta ce yayarta da ke garin Onomichi ba ta da lafiya, za ta je ta duba ta. Kafin ta tafi ta manna 'yan takardu a jikin kowane kabad: nan maganinka yake, nan kayan sanyi, ranar Litinin da Alhamis ake fitar da shara. Ya karanta su, ya gane ba dawowa za ta yi ba. Bai kira ta ba. Ya ce a ransa, ita ta sani.

Gida ya yi masa faɗi. Sai ya shiga bin gwanjo yana sayen sulke. Ya sayi na farko, ya sayi na biyu, har suka kai bakwai. Ya zaunar da su bisa akwatunansu a ɗakin baƙi, kowanne da kwalkwalinsa da fuskarsa ta ƙarfe mai gashin baki. Da rana ya sayo abinci a kanti, ya zauna a tsakiyarsu ya ci. Wani lokaci ya tsinci kansa yana yi musu bayanin takobi.

A wajen gwanjo in ya ga tsohon abokinsa na taya abu, sai ya ɗora a kai, ko ba ya so, don dai a san yana nan. Wata rana ɗaya daga cikinsu, Hirai mai kantin magani, ya tare shi a bakin ƙofa ya ce, "Malam, kwana biyu! Ko mun yi laifi ne? Wurin zamanka na nan, ba wanda ya hau. Tun da ka tafi, makafi ne ke jan makafi."

Nanba ya ce, "Ayyuka ne suka yi yawa." Ya wuce da sauri. A cikin jirgin ƙasa ya juya fuska wajen taga har ya iso gida.

Haka ya yi shekara goma sha ɗaya.

Sai tsoho Kurozumi ya mutu. Nanba ya sa baƙaƙen kaya ya je, ya ƙona turare, ya sunkuya wa iyalin. Amma ya 'yan uwa, abin da ke cikin ƙirjinsa a wannan rana murna ce. Ku dubi inda zunubi ke kai mutum. Wanda suka ci abinci tare shekara talatin yana kwance cikin akwati, shi kuwa yana cewa a ransa, na huta.

Bai ɓata lokaci ba. Ya je ya shaida wa hukuma cewa ya tsinci takobi a rufin wani tsohon rumbu da ya saya, aka ba shi sabon kati. Sannan ya ɗauke shi zuwa wani babban gidan gwanjo a Tokyo. Ba kuɗin ne ya dame shi ba. So yake a taru a kansa kamar da, a ce Malam Nanba ne ya gano shi. Ya gaji da cin abinci da fuskokin ƙarfe.

Mutanen gidan gwanjon suka yi ta rawar jiki. Hoton takobin suka sa a bangon littafin kayan da za a sayar, aka aika ko'ina.

Ranar da aka buɗe zaure don masu saye su zo su gani, Nanba ya sa rigarsa mafi kyau. Jama'a suka kewaye shi. Manyan dillalai suna sunkuya masa, ana miƙo masa kati, ana cewa, "Malam, ido dai naka ne." Ya ji jini ya dawo masa fuska. Rabonsa da jin haka, shekara goma sha ɗaya.

Ana cikin haka sai wata mace mai kimanin shekara hamsin ta ratso mutane, riƙe da wani tsohon littafi. Hatsue ce, 'yar Kurozumi, wadda ta gaji sana'ar mahaifinta. Ashe tsohon yana da al'ada: duk takobin da ya wasa, sai ya ɗora takarda a gindin ƙarfen ya shafa tawada, siffar ta fito, ya rubuta rana da sunan mai shi. Hatsue tana jera littattafan nan bayan rasuwarsa, hoton gwanjon ya iso mata.

Ta buɗe shafin a gaban shugaban gidan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a gwada wannan da wancan. Huji uku a gindi, ga 'yar tsaga a baya. Ga kuma rubutun babana: na gidan Akagi." Sannan ta juyo ta ce, "Malam Nanba, jiya na yi waya da Chizuru. Ta ce nata yana nan a ɗakinta, kai ka ba ta da hannunka. To wannan na wane ne?"

Nanba ya sunkuyar da kai.

Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya nuna shi da yatsa. Wani ma'aikaci mai farar safar hannu ya zo ya ɗauke takobin daga kan mazauninsa, ya ajiye ɗan kati mai cewa an janye. Mutanen da suka kewaye shi suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu wani abin kallo a wani ɓangare. Kafin minti biyar yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar zaure, riƙe da katunan da aka ba shi.

Magana ta je kotu. Saboda tsufansa ba a rufe shi ba, amma an karanta laifinsa a bainar jama'a, jaridu suka ɗauka. Aka mayar wa Chizuru takobin mahaifinta. Duk takardar da ke ɗauke da hatimin Nanba ta zama abin zargi, har waɗanda ya rubuta da gaskiya tun yana saurayi. Aikin shekara hamsin ya tafi. Ya nemi ya rabu da sulkunan nan, babu gidan gwanjon da ya yarda ya karɓi abu daga hannunsa.

Chizuru ta zo sau ɗaya. Ba ta cire takalmi ba. Ta jingina takobin ƙaryar a bakin ƙofa ta ce, "Ga kayanka."

Ya durƙusa ya ce, "'Yata..."

Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ajiye ƙarfen nan a gaban hoton Baba. Duk wata ina shafa masa mai, yadda ka koya mini. In na dawo daga aiki a gajiye, shi nake kallo in ji kamar Baba na ɗakin. Takobin da ka ɗauka an dawo mini da shi. Waɗannan shekarun fa, wa zai dawo mini da su?"

Ta sunkuya kaɗan, irin sunkuyawar da ake yi wa wanda ba a sani ba, ta juya ta tafi.

Da sanyi ya shigo, ya hau jirgin ƙasa zuwa Onomichi. Unguwar a kan tudu take, ya hau matakalanta da ƙyar, ya samu gidan. Sumie ta buɗe, gashinta ya yi fari fat. Ta shigar da shi, ta ba shi matashin baƙi, ta kawo shayi a kofin baƙi.

Ya ce, "Sumie, kin faɗa mini ban ji ba."

Ta ce, "Haka ne."

Ya ce, "Gidan na nan yadda kika bar shi. Takardunki ma ban cire ba."

Ta ce, "Jirgin ƙarfe huɗu ya fi sauƙin cunkoso. Kada ka rasa shi. A kula da matakala, akwai santsi."

Ya sha shayin, ya yi godiya, ya sauko.

Ya ƙara shekara biyu a gidan nan. Ba mai ƙwanƙwasa ƙofa, ba mai kiran waya. Kwalin inabi ya daina zuwa, sai a lokacin ya gane cewa duk shekara yana jiransa. In ya fita kanti, mutanen unguwa su gaishe shi da ka, su ƙara sauri.

Mai kawo jarida ne ya ga jaridu sun taru a akwati, ya sanar. Da aka buɗe ƙofa, aka same shi a ɗakin baƙi, kwance a gefen ɗan teburinsa, ga 'yan sandunan da suke cin abinci da su a ƙasa. Likita ya ce ya kai kwana tara. Aka rubuta wa Sumie, ashe tana gidan kula da tsofaffi, ba ta ma gane mutane. Ma'aikatan gari ne suka ƙona gawar, yadda al'adarsu take. Tokarsa ta yi shekara ajiye a kan wata kanta a ofishinsu, babu wanda ya zo karɓa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce ai wannan ba musulmi ba ne, labarinsa bai shafe mu ba. Shi da ba a karanta masa abin da aka karanta mana ba, ya san abin da ya yi laifi ne, shi ya sa ya sa kwaɗo. To mu da aka gaya wa ƙarara cewa amana abin tambaya ce ranar tsayuwa, mene ne uzurinmu?

Ba sai takobi ba. Wani ɗan uwa ya koma gida ya bar maka kayansa a ɗakinka. Wani ya rasu ya bar maka filin 'ya'yansa ka kula. Wata ta gaya maka sirrinta don ta ɗauke ka kamar yayanta. Babu takarda, babu shaida, domin sun ce tsakanina da kai ba sai takarda ba. Wannan kalma ita ce mafi nauyin abin da za a taɓa ɗora maka.

Ku lura kuma, Allah bai kama mutumin nan a rana ɗaya ba. Ya aiko masa da matarsa sau huɗu. Ya aiko masa da inabi sau goma sha ɗaya. Ya aiko masa da Hirai a bakin ƙofa. Kowane ɗaya hanyar komawa ce, kowane ɗaya ya rufe da hannunsa. Azabarsa ba a Tokyo ta fara ba. Ta fara ne ranar da ya zama mutumin da ba ya iya cewa aboki, shigo.

Saboda haka duk wanda ke da abin wani a hannunsa, ya san kansa. Kada ya jira mai shaida ya mutu. Ya tashi yau ya mayar, ya jure kunyar yini ɗaya.

Ya Allah, kada ka bar mu da son zuciyarmu. Ka sa mu sauke duk abin da aka ba mu ajiya tun muna da ƙafar kai shi. Kada ka ɗauki ranmu da haƙƙin maraya a ɗakinmu, kada ka sa mu mutu babu mai rufe mana ido. Allah ka tsare mu, ka tsare zuriyarmu. Amin.